Ogana yana ji da ni kamar 'yar cikinsa, amma an tsallake ni a ƙarin girma

Assalamu alaikum Anti.

Ni injiniya ce a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, shekarata huɗu ke nan da fara aiki. Mu bakwai ne a sashenmu, ni kaɗai ce mace. Ogana dattijo ne, sa'an babana, wallahi bai taɓa ɗaga mini murya ba. "'Yata" yake ce mini. Duk ranar da za a fita ƙauye aunin ƙasa ko tsayawa kan injin haƙa, sai ya ce, "Ke zauna ki sha sanyi, rana za ta ƙona ki, ga hanya ba lafiya." Sai ya miƙo mini rahoton da mazan suka kawo in gyara in buga. Takalmin aiki da hular kwano da na saya da albashina na farko suna nan ƙarƙashin teburina, har yau takardar farashi na manne a jikin hular.

Akwai wani abokin aikina, shi kuwa ba ya ɓoye-ɓoye. A gabana yake cewa na tare gurbin magidanci, wai mace in ta samu wuri sai ta taka kowa. Shi ba ya hana ni barci, yana faɗa ina mayar masa.

Watan jiya aka yi ƙarin girma, aka ba yaron da na riga shi zuwa da shekara biyu. Dalilin da aka rubuta shi ne ba ni da gogewar aikin fili, kuma Oga ne ya sa hannu. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Da na gaya wa Mama sai ta ce in ji tsoron Allah, mutum yana tattalina ina neman yi masa butulci. Anti, butulci ne?

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ba butulci ba ne. Kuma ban ɗauki Oganki mugu ba, ina kyautata zaton har zuciyarsa yana ganin alheri yake miki. Sai dai alherin nasa ya cinye miki shekara huɗu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sa wa abin nan ido. A 1996 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Peter Glick da Susan Fiske, suka nuna cewa raina mace kala biyu ne. Akwai na gaba da gaba, irin na abokin aikinki. Akwai kuma na lallashi, wanda ake ɗaukar mace kamar ƙwai a cokali, a yaba mata, a kāre ta, a kuma yanke mata hukunci ba tare da an tambaye ta ba. Sun tsara tambayoyi 22 na auna su biyun. A shekarar 2000 aka gwada tambayoyin a ƙasashe 19 kan mutum sama da 15,000, har da Najeriya, aka ga yawanci inda ɗaya ya yi yawa ɗayan ma yana da yawa. Tafiyarsu ɗaya: mai zaman inda aka ajiye ta a ba ta zuma, mai ɗaga kai a nuna mata bulala.

Ga abin da zai sa ki yi wa Mama uzuri. A wannan binciken, Najeriya na cikin ƙasashen da mata suka fi maza yarda da na lallashin. Masu binciken suka ce inda zafin maza ya yi yawa, mace kan rungumi duk wanda ya yi mata alkawarin inuwa. Mama ta ga duniya, ta san oga mai zagi da oga mai neman mata, don haka a wurinta naki sai godiya.

Kin ce mai bakin nan ba ya hana ki barci. Haka aka gani a Beljiyam a 2007, inda aka sa mata gwaji kamar na neman aiki. Waɗanda aka yi wa maganar lallashi, ta cewa maza za su taimaka musu, sun fi yin kuskure a kan waɗanda aka gaya wa baƙar magana ƙiri-ƙiri. Wadda aka zaga ta san da wa take faɗa. Wadda aka lallasa kuwa sai ta koma tana tambayar kanta ko da gaske ba ta iya ba, tunanin nan ya cinye mata rabin hankali. Ina jin ke ma kin fara wannan tambayar, in ba haka ba da ba a banɗaki za ki yi kukan ba.

Maganar hanya gaskiya ce, ba zan ce miki ƙarya ba. Amma masu tare hanya ba sa sakin mutum don namiji ne, kuma ba kowace rijiya ake haƙawa a daji mai nisa ba.

Ki samu Oganki shi kaɗai, ba a gaban yara ba, kuma ba ranar da ranki ke tafasa ba. Ki fara da godiya, don ya cancanta. Sannan ki ajiye masa takardar nan da ya sa wa hannu, ki ce, "Ranka ya daɗe, an ce ba ni da gogewar fili, kuma a hannunka kaɗai zan same ta." Kada ki ce a riƙa fita da ke kawai, wannan sai ya ce to, a manta. Ki duba jadawalin aiki, ki zaɓi guda ɗaya na kusa da gari wanda ake zuwa a dawo a wuni, ki ambaci sunan wurin da ranar. Bayan kun gama ki tura masa saƙo a rubuce kina tuna masa, cikin ladabi.

Amsarsa za ta nuna miki da wa kike. In ya yi jim ya ce bai lura ba, kin samu uba na gaske a wurin aiki. In kuwa fuska ta canja, "'yata" ta koma "yarinyar nan", to ki fara gyara takardunki kina leƙa wasu kamfanonin, ba tare da kin yi faɗa da kowa ba.

Ranar da za ki shiga wurinsa, ki ɓare takardar farashin nan, ki sa takalmin a ƙafarki.

Antinki