Ku Tambayi Anti: Tsakanin tafiya biyu a jirgin ruwa, in sauka gari ko in yi zamana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Ni da maigidana mun biya kuɗin tafiya biyu a jere a jirgin ruwa na shaƙatawa, jirgi ɗaya ne, kwana bakwai-bakwai, ta farko za ta ƙare a Barselona ranar Lahadi da safe ita kuma ta biyu ta tashi daga nan ɗin dai da yamma. Shi oga cewa ya yi mu yi zamanmu a ciki kar mu jawo wa kanmu, ni kuma wallahi ina son in ga gari ko na awa uku ne. Za su bar mu mu fita kuwa? Kayanmu fa? Sannan a tafiya ta biyun akwai tsayawa a Tunis, wata ƙawata ta ce in duba bizata da kyau, ban gane me take nufi ba.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Za su bar ku, kuma ki gaya wa oga ni dai ina bayanki, amma ƙawar nan taki ta fi ku duka hangen nesa don haka da maganarta zan fara.

Ɗauko fasfonki yanzu ki buɗe shafin bizar, akwai wani ɗan layi da ke nuna sau nawa aka yarda ki shiga, za ki ga ko dai 1, ko 2, ko kuma MULT, wato sau da yawa. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk yankin Shengen ne, ƙasashe 29 na Turai da ake shiga da biza ɗaya, in jirgi yana yawo a tsakaninsu kamar ba ki fita ko'ina ba ne. Tunis kuwa waje ce. Ranar da jirgin ya je can kin fita daga Shengen ke nan, ko da ba ki taka ƙasa ba, ranar da ya dawo kuma sabuwar shiga ce, to in 1 aka rubuta miki kin riga kin cinye ta tun ranar da kika sauka a filin jirgin sama. Kuma kamfanin jirgin ba zai jira sai an je Tunis ba, tun wajen rajista zai iya hana ku hawa kuma da wuya a mayar da kuɗi tunda a ƙa'idarsu takardu alhakin fasinja ne. MULT kike so. Ki kuma ƙirga kwanakin da aka ba ki, kwana 14 na ruwa da ranar isowa da ranar komawa da duk kwanan da za ku yi a otal, kowacce ana lissafa ta. Ita ma Tunisiya ki tambayi kamfanin a rubuce ko mai irin fasfonki yana buƙatar biza kafin ya sauka, ki adana amsar a waya.

To yanzu ranar kanta. Kwana ɗaya ko biyu kafin ku iso za a turo muku wasiƙa ɗaki ta masu zarcewa, ita ce za ta faɗa muku inda za ku karɓi sabon katin ɗaki da ƙarfe nawa, ki karanta ta tsaf don kowane kamfani da nasa tsarin. A wajen jirgin tafiya biyu ce daban, asusunku na farko ana rufe shi a cire kuɗin abin da kuka kashe sannan a buɗe sabo, yawanci tsohon katin ya mutu ke nan. Kar ki yarda ki fita gari ba tare da sabon katin a hannunki ba da ɗan katin nan da suke bayarwa na shaidar cewa ke mai zarcewa ce, shi ne zai sa in kun dawo ku wuce layin sababbin fasinja, layin da kan kai mutum ɗaruruwa da akwatunansu da yaransu da rigimarsu. Fasfo ma ki riƙe, ranar ba irin sauran ranakun tsayawa ba ce.

Kaya kuwa in ɗaki ɗaya kuka kama a tafiya biyun babu abin da za ki taɓa. Daren ƙarshe za ki ga kowa ya jera akwatuna a bakin ƙofa da takarda mai launi ɗaure a hannun akwatin, ke kar ki fitar da naki, in kin fitar da safe sai dai ki je ki nemo shi a zauren tasha cikin dubban akwatuna. In kuma za a canza muku ɗaki sai ki haɗa ƙananan kaya a akwati ki bar na rataye a jikin hanga, masu gyaran ɗaki za su kwashe, amma kuɗi da magani da gwal ki kwashe da kanki daga ɗan akwatin ƙarfen nan mai lamba, mutane sun fi mantuwa da shi fiye da komai.

Shi oga da yake son zama, gaskiya yana da hujja, don wajen ƙarfe goma jirgin kan zama kamar naku ku kaɗai, kujerun bakin wurin iyo ba kowa. Sai dai lungunan ɗakuna cike suke da amalanken zannuwan gado, ƙofofi a buɗe, injin shara na ta ƙugi, in kin leƙa ƙasa kuma motocin ɗaga kaya ne ke ta lodin abinci, kafin azahar sababbi sun fara tuɗaɗowa sun cika wurin cin abinci. Ni dai na gwada zaman sau ɗaya ban ƙara ba.

Barselona na da sauƙi shi ya sa na ce ku fita. Manyan jirage a Moll Adossat suke tsayawa, tsakaninsa da bakin gari ya haura kilomita 2 kuma sai an hau wata doguwar gada ba inuwa, kar ku ce za ku taka. Akwai bas na tashar da ke kai mutane kusa da hasumiyar Kolombus, wadda aka gina a 1888 mai tsayin mita 60, daga gindinta titin La Rambla ya miƙe kamar kilomita 1 da ɗan ɗori har dandalin Katalunya, tsohon gari da lungunansa yana hannun dama in kina hawa. Wannan kaɗai ya ishi awa uku. Amma tunda Lahadi ce ki cire kasuwar Boqueria daga lissafi, a rufe take, yawancin kantuna ma haka, sai rukunin kantunan Maremagnum da ke bakin ruwa ita tana buɗewa. In Sagrada Familia kike so, babban cocin nan na mai zanen gine-gine Gaudí da aka fara tun 1882, ki sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni don da lokaci ake sayarwa, ki zaɓi na kafin ƙarfe ɗaya, daga tashar Drassanes ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 ki canza zuwa na 2 a Paral·lel. Abu ɗaya za ku zaɓa fa, ko wannan ko wancan. Jakarki kuma ta dawo gaba, 'yan sanen La Rambla ba su da hutun Lahadi, kuma a ce fasfo ne ya tafi a irin wannan rana to tafiya ta biyu ta tafi da shi.

Lokacin da za ki riƙe shi ne na rufe ƙofa, wanda ake rubutawa a allo a bakin matakalar fita, ba na tashin jirgi ba, kuma a ranar ɗibar sababbin fasinja yakan zo da wuri, awa ɗaya ko ɗaya da rabi kafin tashi. Ɗauki hoton allon da waya, ki ɗauki na lambar wakilin jirgin a tashar da ke cikin takardar shirin rana. Ni awa biyu nake ragewa daga abin da suka rubuta in ce shi ne nawa.

TAMBAYA: Hajiya barka da war haka. Namu jirgin a Civitavecchia ta Italiya zai juye mutane ya ɗebi wasu, ni kuma ban taɓa ganin Rum ba, ance ba nisa. Zan iya zuwa in dawo? Kuma dole sai na sake atisayen nan na rigar ceto alhali na yi makon jiya?

AMSA: Alhaji wanda ya ce maka ba nisa a taswira ya gani. Kusan kilomita 80 ne. Daga jikin jirgi sai ka hau bas ɗin tashar ya fitar da kai, sannan ka yi tafiyar kamar minti 20 zuwa tashar jirgin ƙasa, sannan awa ɗaya da 'yan kai zuwa Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, ko ƙasa da haka in a San Pietro za ka sauka kusa da Batikan, ka ga zuwa da dawowa sun ci maka awa huɗu ba ka ga komai ba tukuna. In jirginku sai bakwai na yamma zai tashi kuma ka samu fita kafin tara, je ka, amma wuri ɗaya, ka kuma hau jirgin dawowa wanda ko ya lalace akwai biyu a bayansa da za su kai ka kan lokaci. In ƙarfe biyar zai tashi ni ban ba ka shawara ba sai dai in kamfanin na da yawon da ya shirya wa masu zarcewa, wannan in motarsu ta makara jirgi zai jira, kai kaɗai kuwa ba mai jiranka. Ka kuma bincika kalmar sciopero da kwanan watan, yajin aiki ke nan da Italiyanci, ma'aikatan jirgin ƙasa suna yi kuma ana sanarwa tun kafin ranar. In tikitin takarda ka saya ka buga shi a ɗan injin da ke tashar kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. Ita kanta Civitavecchia ba laifi, tashar jiragen ruwa ce tun zamanin sarkin Rum Trajan, ga ganuwar Michelangelo a bakin ruwa ga hanyar yawo a gaɓa, mutum ya sayi abin da ya ƙare masa ya dawo a natse.

Atisaye kuwa ka bi abin da wasiƙarku ta ce, yawanci ana sakewa, balle in an canza maka ɗaki don wurin taruwarka ma zai iya canzawa. Daga wannan tashar taku jirgin Costa Concordia ya tashi ranar 13 ga Janairun 2012 ya bugi dutse a gefen tsibirin Giglio, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka hau a ranar ba a kai ga yi musu atisayen ba. Bayan nan ne aka gyara dokar ta zama sai an yi kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa nan take.

TAMBAYA: Anti mu a Miami muka yi, ba mu da niyyar fita amma aka tattara mu aka fitar da mu dole muka zauna jira. Wulaƙanci ne ko haka ake yi?

AMSA: Haka ake yi ƙanwata, ba ku kaɗai ba. A tashoshin Amurka jami'an shige da fice sai sun ga jirgi ya koma ba fasinja ko ɗaya a lissafi kafin su bari a fara hawa, shi ya sa ake tara masu zarcewa a wani falo a raka su ƙasa a duba fasfo da biza sannan a dawo da su, kuma in mutum ɗaya ya maƙale a ɗaki yana barci duk ku ne za ku yi ta jiransa. Wata rana minti 20 an gama, wata rana ya haura awa. In kin sake yi ki fita da safe abinki tare da masu sauka, ki bi ta wajen jami'an, ki yi yawonki ki dawo da katin zarcewarki bayan an buɗe hawa. In kuma zama za ki yi to ki riƙo ruwa da cajar waya.