Amsa: Ɗan majalisar jiha sau nawa zai iya dawowa?

Malam, ka tambaya ko ɗan majalisar jiha shi ma zango biyu yake yi kamar gwamna. A'a, babu iyaka, duk shekara 4 in mutanensa na so sai ya koma. Kujeru 34 ne a majalisar Katsina, kuma tun 2018 ɗan shekara 25 ma zai iya takara in yana da takardar sakandare da jam'iyya. Dubi Nasir Yahaya Daura, daga wakiltar Daura ya zama kakakin majalisa a 2023. Amma wallahi aikin ba wasa ba ne, ka je ƙofar gidan ɗan majalisa da asuba ka ga layi, wannan da takardar asibiti, wancan kuɗin makaranta, alhali aikinsa doka ne da sa ido kan kasafin kuɗi.