Amsar Goggo kan muguwar cikin labarinki

'Yata, saƙonki ya ba ni dariya ya kuma ɗan tayar min da hankali. Wai dole ne sai muguwar da ke cikin labarinki ta ga sakayya a ƙarshe, tunda ita ma marainiya ce an gallaza mata tana ƙarama, ko za ki iya barinta ta sha? To ke da kika ƙirƙiro ta har kin fara jin tausayinta kenan.

Kin tuna min wani dare ina 'yar shekara tara, kakarmu tana mana tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, fitila ta kusa mutuwa sai hayaƙi take, ƙanina ya yi barci a cinyata har ƙafata ta sage amma na ƙi motsi. An zo wajen ƙwai, 'yar bora ta ɗauki wanda ya ce kar a ɗauke shi ta fasa sai ga dawakai da dukiya, ita kuwa 'yar mowa da ta yi wa tsohuwa rashin kunya a hanya ta wawuri mai cewa ɗauke ni ɗauke ni, tana fasawa sai jakuna da ƙudaje suka rako ta gida. Yara suna ta shewa, ni kuwa sai na fashe da kuka, na ce ai uwarta ce ta sangarta ta, laifinta ne?

Kaka ba ta yi min tsawa ba. Ta daɗe shiru tana gyara lagwani, can ta ce eh uwarta ce ta ɓata ta, amma da bakin wa aka zagi tsohuwa? Ta ce uzuri yana sa a gane mutum ne, ba ya wanke masa hannu, alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi. Wallahi har yau ina jin muryarta.

Kuma fa Gizo sau nawa yake cutar Kura ya tsere lafiya lau ya koma wajen Ƙoƙi, ba wanda ya taɓa kuka. Na tambaye ta wannan ma, ta ce ƙaramin da ya yi wa mai ƙarfi wayo ba ɗaya yake da wanda ya taka na ƙasa da shi ba. Ita kanta mai tatsuniyar ai da nata uzurin take rufewa, ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Abin da ke damuna da rubutunku na waya, kowane azzalumi sai an yi shafi goma ana ba mu tarihin wahalarsa, wadda ya zalunta kuwa layi biyu an wuce, ko sunanta ba a maimaitawa. Su waye wannan marainiyar taki ta cuta? Ba ki faɗa min ba sam. Turo min babin da suke ciki in karanta tukuna, ki kuma ƙara girman rubutun don idona ba kamar da ba.