Haɗa keken tsere da hannunka a Birnin Kebbi

Ɗan uwa, ka ce kana so ka sayi kayan keken tsere ɗaya bayan ɗaya ka haɗa da kanka, ka hau titin Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma kana tambayar inda za ka zuba kuɗi.

Fara da firam, wato gangar jikin keken, amma kafin ka biya ko sisi, auna tsayinka da tsawon ƙafarka. Firam ɗin da bai dace da jikinka ba, ko na kabon ne, wato abu marar nauyi da ake ƙera kekunan tsere da shi, ciwon baya zai bar maka. Kuma ka tambayi irin mazaunin ƙarfen feda da yake da shi, samfurin BSA ne ko na BB86, don ni na taɓa sayen mazaunin da ya ƙi shiga firam ɗina, kuɗina suka tafi a banza.

Wajen giya, samfurin 105 na kamfanin Shimano ya ishe ka. Samfurinsu mai tsada, Dura-Ace, ya fi sauƙin nauyi, sai dai a gasar UCI ma, wato hukumar tseren keke ta duniya, ba a yarda keke ya gaza kilo 6.8 ba. Rarar kuɗin ka sa a ƙafafu masu kyau.

Taya kuwa, ɗauki mai faɗin milimita 28 ko 30, marar tib, mai ruwan liƙe huji. Ka san ƙayar da ke gefen hanyoyinmu, ga ramuka.

Kada ka bari mai gyaran keke ya ɗaure notin da ke kan kabon da ƙarfin tuwo, kabon ɗin tsagewa zai yi. Nemi sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge sarƙa bayan kowace fita, ƙura na cinye ta.