Filin Jami'ar Tulane: Me Ya Sa Aka Rushe Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai wani filin ƙwallo na jami'a a Amurka mai cin mutum dubu 80, amma aka rushe shi. Wane fili ne, kuma me ya jawo haka, alhali namu na Ƙofar Mata da bai kai rabinsa ba yana nan tsaye?
Daga wani mai karatu a Fagge, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa dukkan alamu filin Jami'ar Tulane kake nufi, a birnin New Orleans. Ƙwallon da aka yi a cikinsa ba irin ta Pillars ba ce, ta Amurkawa ce da ake rungumewa a ruga da ita.

An buɗe shi a 1926 da wurin zaman mutum kusan 35,000, ginin bulo da siminti. Daga 1935 aka fara buga Sugar Bowl, babban wasan shekara-shekara na ƙungiyoyin jami'o'i, a nan, jama'a suka yi ta tururuwa, sai aka dinga ƙara masa girma: 49,000 a 1937, 69,000 a 1939, sama da 80,000 a 1947. Benen da aka ɗora a sama na ƙarfe ne, kuma nan matsalar ta samo asali.

New Orleans gari ne mai laima da yawan ruwan sama. Ruwa yana kwanciya a mahaɗar ƙarfe, a kan ƙusoshi, da gindin ginshiƙai, daidai wuraren da mai fenti ba ya kai hannu. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka tana kumbura, ta ɓare fentin, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Maganinta a goge har ƙarfe ya fito fes, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan a bi da na sama. Fenti a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce kawai.

Duk da haka filin ya ga alheri. Ƙungiyar Saints, ta ƙwararrun 'yan wasa ta birnin, ta zauna a nan daga 1967 zuwa 1974, kuma an yi Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararru ta Amurka, sau uku: 1970, 1972 da 1975. Da aka buɗe sabon filin birnin mai rufi, Superdome, a 1975, Saints da Sugar Bowl da ƙungiyar jami'ar duk suka koma can. Hukuma ta hana amfani da filin na Tulane. Jami'ar ta ɗaukaka ƙara, aka yarda tsohon ɓangaren siminti yana da ƙwari, amma benen ƙarfen ba shi da aminci. An fara rusau a ƙarshen 1979, aka gama a 1980. Sai a 2014 jami'ar ta sake mallakar nata filin, Yulman, mai cin mutum 30,000.

Namu na Kano rani yana taimakonsa, sai dai a kula da ƙurar hunturu: tana toshe magudanan ruwa, damina na zuwa ruwan ya kwanta a gindin ƙarfe. A ganinmu watan Afrilu ne lokacin yashe su, kafin ruwan farko ya sauka.