Ƙanina yana kwance a asibiti kuma yana shan ƙwaya, in gaya wa likita?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanina ɗan acaɓa ne, ya yi hatsari ya karye a cinya, yau kwanansa biyu a asibiti, an ce tiyata za a yi masa. Ya fi shekara uku yana shan tiramadol kullum. Tun jiya yake ta zufa da amai da gudawa, barci ya gagare shi, yana roƙona in sayo masa a ɓoye. Mahaifiyarmu ta ce kada a tona masa asiri. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara lallashinsa ya faɗa da bakinsa. In ya ƙi, ki keɓe likitan da ke duba shi ki gaya masa yau ɗin nan, kafin a shiga da shi ɗakin tiyata.

Abin da kike gani ba iskanci ba ne. Tiramadol dangin mofin ce, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, jikin da ya saba da ita kullum in ya rasa ta farat ɗaya sai ya rikice: zufa, hamma, yoyon hanci, ciwon gaɓoɓi, gudawa, fargaba. Likitan da ba a sanar da shi ba zai iya ɓata lokaci yana neman zazzaɓin cizon sauro ko taifot, alhali akwai magungunan da za su sassauta masa wannan azaba.

Abin da ya fi damuna shi ne tiyatar. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, maganin kashe zafin da ke wadatar da kowa ba ya kama shi, don haka likitan da ke ba da allurar barci yana bukatar sani don ya auna daidai. Akwai ma allurar kashe zafi mai suna fentazosin da asibitocinmu ke yawan amfani da ita, wadda kan iya tsananta wa mai irin larurarsa alamomin nan maimakon ta sauƙaƙa.

Don Allah kada ki sayo masa. Iyakar abin da likita ke bayarwa a yini miligiram 400 ne, amma ta kasuwa ƙwaya ɗaya kan kai 225. Ya haɗiye biyu ko uku a kan allurar da nas ta yi masa, numfashinsa na iya tsayawa, ko jijjiga ta kama shi ga karaya a ƙafa. Ki sa ido a kan abokan da ke zuwa dubiya, ta hannunsu take yawan shigowa.

Ki tambaye shi kuma ko yana haɗawa da giya ko ƙwayar sa barci ta diyazafam. Barin waɗannan kwatsam ya fi barin tiramadol hatsari, domin yana kawo jijjiga da gushewar hankali cikin 'yan kwanaki, har yakan kai ga rasa rai.

Na fahimci Mama, kunya take ji masa. Ki kwantar mata da hankali cewa rufe sirrin majinyaci wajibi ne a kan likita, kuma ba a kansa farau ba: binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda.

In za ki je, ki riƙe kwalin ko fatar maganin, ki faɗi nawa yake sha a rana da ranar da ya sha na ƙarshe. Kafin sallama ki roƙi a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ko a ba ku takarda zuwa asibitocin da ke wannan aiki, irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano.