Tambaya da Amsa: Daga Garwa zuwa Daura da Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni malamin makaranta ne a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Mahaifina ya tsufa, shekara da shekaru yana bin siyasar Najeriya a rediyo, kuma burinsa in kai shi Jihar Katsina ya ga mahaifar 'Yar'aduwa da Buhari. Kwana biyar gare ni. Ta ina za mu fara, me kuma za mu tarar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Kwana biyar ya yi kaɗan ga tafiya da dattijo, hanya kaɗai za ta cinye huɗu. Nemi mako guda, a lokacin sanyi. Ku ratsa ta Yola ku kwana, kashegari ku bi Gombe zuwa Kano. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ka canji sefa zuwa naira tun daga gida, kuma kada ku yi tafiyar dare.

Daga Kano ku bi ta Kazaure ku fara da Daura. Nan aka haifi Muhammadu Buhari a 1942. Ya yi mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, ya dawo ta hanyar zaɓe daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a cikin gidansa na Daura bayan kwana biyu. Ka lura da wannan, ɗana: kabarin yana cikin gidan iyali ne. Ku yi sallama a ƙofa, ku faɗi daga inda kuka fito. In an ba ku izini ku shiga, in ba a bayar ba ku yi addu'arku daga waje, za ta isa inda aka nufa. Daga nan ku gangara rijiyar Kusugu kusa da fada, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ya hana mutanen Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baba zai so ya kurɓi ruwan.

Katsina na nan kimanin kilomita 80 daga Daura, kuma can nake so ku daɗe. Umaru Musa 'Yar'aduwa ɗan cikin birni ne, an haife shi a 1951, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya hau kujerar shugaban ƙasa, ajali ya same shi a kanta ranar 5 ga Mayu, 2010. Yana kwance a maƙabartar Ɗanmarna, wadda ta ci sunan waliyyin malamin nan na Katsina. Yayansa Janar Shehu, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, shi ma can yake. Ranar da na je, bayan la'asar ce. Na tsaya ina duba kaburbura, sai da wani dattijo ya nuna mini wurin da sandarsa. Mutumin da ya mulki ƙasa kamar Najeriya, ga shi a tsakiyar 'yan garinsu. Na daɗe ban iya ɗaga ƙafa ba. Don Allah wayarka ta zauna a aljihu a wurin nan.

Kada ku tsallake tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ginin ƙasa da yanzu ya zama gidan tarihi. Sardauna da Tafawa Ɓalewa a nan suka yi karatu, kuma ita ce daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, inda shi Umaru ya yi karatu. Hasumiyar Gobarau kuwa, kai ka hau, Baba ya kalla daga ƙasa, matakalar ba ta gwiwar tsoho ba ce.

Na fahimci abin da ke jan mahaifinka, don ni ma shi ya ja ni. Mu mutanen Garwa muna da namu. Ahmadu Ahijo a garin nan aka haife shi a 1924, ya shugabanci Kamaru daga 1960 har ya sauka a 1982, ya rasu a Dakar a 1989. Kabarinsa yana maƙabartar Yof, can Senegal, matarsa ma da ta rasu a 2021 kusa da shi aka kwantar da ita. Dattijon da ya ga zamanin Ahijo ba shi da inda zai tsaya a Garwa ya ce ga makwancinsa. Shi ya sa da na ɗaga hannu a Ɗanmarna na haɗa da shi a cikin addu'ata. In kun isa, ka tuna wa Baba ya sa shi a tasa.